Canjin Gadi a Gidan Saje Pike

Shekaranjiya a kasuwar Woolwich, ina tsaye ina latsa doya ina faɗa da mai ita, sai na ji wata yarinya 'yar garinmu ta ƙwala wa ɗanta kira da sunansa na yanka, tun daga wajen masu kifi har bakin titi. Ɗan farinta ne fa, na san uwarta, na san kakarta. Da ya rugo ta sure shi ta manna masa sumba a goshi a gaban kowa, kuma ba wanda ya ko waiwaya sai ni. Na tsaya riƙe da doya kamar wata sakarya, zuciyata ta tafi wani wuri. Da na baro kasuwar ƙafata ta ƙi bin hanyar tasha, ta kai ni layin da gidan Baba Samanja yake a da. Babu gidan. An rushe layin kaf an kafa wasu dogayen benaye na gilashi, jirgin ƙasa na wucewa ta ƙarƙashinsu ba ka ko jin ƙararsa. Ko itacen da muke ɗaura igiyar shanya ba su bari ba.

A wancan zamani London wari gare ta na kananzir da jiƙaƙƙen kwat. Da asuba abin da ke tashe mu shi ne ƙarar kwalaben madara da ake ajiyewa a ƙofa, sai begilar barikin soja da iska ke kawowa daga kan tudu, sai kuma muryar Baba Samanja daga ƙasan bene yana kiran suna. Gidan haya ne mai hawa uku, cike da Hausawa, 'yan makaranta daga Najeriya da 'yan aikin shara da gadi daga zangon Kumasi da Accra. Baba mutumin zango ne, gajere ƙaƙƙarfa, ƙafarsa ta hagu ta sage tun yaƙin da aka kai su dajin Bama. Gadin wani asibiti yake yi. Hausarsa irin ta zango ce, ba ruwansa da mace da namiji, kowa "kai" ne. Ranar da maigidana ya kawo ni, amarya, Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne sabon kurtu?" Daga ranar sunana ya zama Kurtu.

Gidan nan yadda aka riƙe bariki a zamanin kakansa haka Baba ya riƙe shi. Kakan ya yi soja tun lokacin tsohuwar Sarauniya mai baƙin kaya, lokacin da Turawa ke ɗibar Hausawa suna sa musu jar dara, ya kai har samanja, kuma jar ɗamararsa ta kafaɗa tana hannun Baba, ta koɗe, asu ya ɗan taɓa ta. Duk Sallah da ita yake zuwa masallacin Regent's Park a bisa babbar riga, yana ɗingishi yana ɗaga kai, yara na binsa a baya. In an gama tuwon Lahadi sai ya kishingiɗa kusa da hita ya kama karanta mana muƙamai, ko muna so ko ba ma so. Samanja, in ji shi, uban bariki ne, hafsa yana ba da umarni amma samanja ne ke sa umarni ya taka ƙasa. Ƙarƙashinsa kala-saje, mai riƙe da tuta da cikin kamfani, shi ya san wanda ya ci da wanda bai ci ba. Sai kwatamasta mai bargo da takalmi, wanda ba ya dariya. Saje igiya uku, shi ke ƙirga mutanensa safe da yamma, in ɗaya ya ɓace wuyansa za a kama. Kofur igiya biyu, aikinsa kai santiri bakin gadi da dawo da shi, kuma santiri ko wuta ta kama rigarsa ba ya barin wurin sai kofur ɗin da ya ajiye shi ya zo da mai canjinsa. In ya zo kan akawun bariki sai ya taɓe baki. "Akawu ma igiya uku gare shi, bai taɓa jin warin albarushi ba. Amma ku ji tsoronsa. Abin da aka shigar hannun akawu ba ya fita da kuka, ba ya fita da faɗa, sai ta ƙofar da ya shiga."

Kowa a gidan da muƙaminsa. Wani ɗalibin likitanci shi ne kwatamasta, shi ke riƙe makullin buhun shinkafa. Mai fitar da shara laskofur ne, mai igiya ɗaya. Mu kan bi bayan Baba mu yi ta dariya, muna cewa tsoho ya ƙi yarda an gama yaƙi. Yau ga shi kowa yana flat ɗinsa, maƙwabcinka zai kwana uku a mace ba ka sani ba sai wari ya fito. A gidan Baba kuwa in ba ka amsa kiran asuba ba, kafin ka juya ya buga maka ƙofa da sandarsa.

A gidan nan na haifi 'yar farina, aka sa mata sunan uwar mijina. To kun ga kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta suruka. A gidanmu a Zariya ban taɓa jin uwata ta kira sunan yayana ba har ta koma ga Allah. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fashe baki sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi, alhali dare ya yi ita ce ba ta runtsawa. Haka aka raine ni, haka na san ƙauna. Ni ma "yarinyar nan" nake cewa.

Ba a yi arba'in ba tari ya kama ni, irin mai fitar da jini. Aka kwantar da ni asibiti, aka hana ni ko ganin jaririyar. Maigidana yana tsakiyar jarrabawa, gidan duk maza ne masu fita aiki. A lokacin ɗaliban Afirka da yawa haka suke yi, su kai 'ya'yansu riƙo wajen Turawa. Baba ne ya samo gidan ta hannun wani da suke aiki tare, shi ya raka maigidana suka ƙetare kogi suka kai ta Dagenham, wajen wani dattijo Mista Pike da matarsa Doris, waɗanda Allah bai ba haihuwa ba. Na daɗe a kwance. Kafin in miƙe sosai aka aiko surukina ya rasu, maigidana ya tafi gida ta'aziyya, da ya tashi dawowa aka hana shi biza. Ya yi ta zarya a Legas, ya yi ta aiko min kaset yana ba ni haƙuri. Na samu aikin goge-goge a wani ofis. Yarinya tana can, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara magana, duk a hannun mutane.

Duk Lahadin ƙarshen wata Baba ke raka ni, mu hau jirgin fito mu ƙetare, mu hau bas. Falon Pike ƙarami ne, mai tsabta har tana ba ka tsoro, agogo na ƙas-ƙas a bango. Bisa murhu akwai hoton wani mai gashin baki cikin jan kwat, igiya uku a hannu. Kakan Pike ne, akawun soja a barikin Woolwich zamanin waccan Sarauniya, ubansa ma akawun soja, shi kansa sai da ya kai saje a wannan aiki kafin ya koma akawu a kamfanin mota. Dogo ne siriri, ba ya magana sai ta kama. Doris kuwa gajeriya mai fara'a, ta gyara yarinyar ta sa mata ribbon ta turo ta gabana. Ni kuma, Allah ya sani, so nake in sure ta, amma sai in kau da kai in dubi labule. Ta yaya zan rungume ta a gaban Baba, sa'an ubana? Ta yaya zan tambayi matar da ke riƙe min 'ya me take ci, kamar na raina riƙonta? A wajenmu ɗan da ke hannun wani ba ka nuna naka ne, cin fuska ne ga mai riƙo. Ni a ganina ladabi nake zuba musu. In mun fito, a bayan gidan jirgin fito nake shiga in toshe baki da mayafi in yi kukana in wanke fuska.

Wata Lahadi muka tarar da baƙuwa a falon, wata mata mai tabarau da jaka daga council, hukumar da ke sa ido kan yaran riƙo. Ta yi min murmushi ta ce da Turanci, "Ba ki ga yadda 'yarki ta yi kyau ba?" Wayyo, rashin sani ya fi dare duhu. Wace uwa ce za ta yabi 'yarta baki ya kama ta? Na amsa yadda uwata za ta amsa, da ɗan Turancina na ce, ina kyau a nan, mummuna ce, ba ta da wani amfani. Har da 'yar dariyata. Doris ta janye yarinyar ta matse ta a ƙirji. Matar council ta ce, "Me kike kiranta a gida?" Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya. Na ce ba na kiranta.

Ba a yi sati biyu ba matar ta zo har Woolwich ta same ni a kicin. Ɗalibin likitan nan ne ya fassara min inda ban gane ba. Pike da matarsa sun nemi a bar musu yarinyar ɗungurungum. Ita kuma a abin da ta gani da idonta, uwar ba ta taɓa 'yar, ba ta kallonta, ba ta kiran sunanta, ta kuma zage ta a gaban shaidu. Za a yi zama na ƙarshe a gidan Pike ranar Alhamis mai zuwa, in ba abin da ya canza za ta goyi bayansu a gaban alƙali. Na ce a gaya mata al'adarmu ce. Ta ce ta ji, amma ita yarinya ba ta san al'ada ba, abin da aka yi mata ta sani. Wallahi na tsani matar nan a ranar, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne na rasa inda ta yi ƙarya.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. In na ɗaga cokali sai in ajiye. Gidan ya rabu biyu, masu cewa a nemi lauya da masu cewa mu je mu ɗauko ta da ƙarfi a sa ni a jirgi. Ɗalibin likita ya ce ya yi booking wajen wani lauya amma sai bayan wata guda. Na kira maigidana daga akwatin wayar bakin titi, layin na yankewa, abin da na ji kawai shi ne "ki yi abin da Baba ya ce". Baba kuwa ya daina karatun muƙamai, ya daina ko tsawa. Ran Laraba da la'asar ya kira ni falo. Ya ce, "Kurtu, matan council ba shi ne matsala ba. Shi abin da ya gani ya ke faɗi. Matsala akawu ne. In akawu ya buɗe hannu, magana ya ƙare."

Na ce, "Baba, to ku roƙe shi mana. Ku gaya masa ina sonta."

"Ba na gaya maka akawu ba ya jin kuka ba?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Gobe in na yi magana, kai ka tsaya bayana. Abin da aka ce ka yi, ka yi."

Da safe na sauko na same shi cikin tsohon kwat ɗinsa na aiki. Na zaci zai ɗauko jar ɗamarar, don ita yake sawa duk ranar da yake son a san ko shi wane ne. Tana rataye a ƙusa, bai ko dube ta ba. Na ce, "Baba, ɗamarar fa?" Ya ce, "Yau ba ranarsa ba ne." Na ce a raina shi ke nan, tsoho ma ya karaya. Yayyafi ake yi, kogin ya yi launin toka. A jirgin fito ban shiga bayan gida ba, hawayen ma sun ƙafe. Na riƙe ƙarfen jirgin ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Mun tarar da su a zaune, matar council da jakarta a cinya, Doris idanunta sun kumbura, Pike a tsaye ya juya wa murhu baya, ƙarƙashin hoton kakansa. Yarinyar tana ƙarƙashin tebur da 'yar tsanarta. Aka nuna mana kujera. Baba bai zauna ba. Ya jingine sandarsa a bango, ya ja sagaggiyar ƙafar nan ya haɗa ta da 'yar'uwarta, ya miƙe ƙyam, hannuwa a gefe. Da Turancinsa na bariki ya ce, "Saje Pike. Kofur Garba ne ke magana."

Na ɗago kai da sauri. Kofur? Shekara da shekaru gida guda ana ce masa Samanja, yana amsawa, yana taƙama. Ashe samanjan na kakansa ne, shi igiya biyu ya tsaya har aka sallame shi, kuma ba mahalukin da ya sani. Ga shi ya faɗa da bakinsa a gabana, ni kurtunsa, ya tsaya ƙasa da akawun da yake taɓe wa baki. Kunnuwan Baba na ga suna motsi.

Pike ya dube shi. Sannan, ban san ko ya sani ba, shi ma dugadugansa suka haɗu. Ya ce, "Ina jinka, Kofur."

"Wa ya ajiye ka a gadin nan?"

"Kai ne. Kai da uban yarinyar."

"To na zo da mai canjinka."

Matar council ta buɗe baki za ta yi magana, Pike ya ɗaga mata yatsa ɗaya ba tare da ya dube ta ba, ta fasa. Doris ta ce, "Haba, Arthur, wannan ba wasan soja ba ne, 'yarmu ce." Pike bai ɗauke ido daga kan Baba ba. Agogon nan na bango kamar a cikin kaina yake bugawa.

Ya ce, "Kofur, ka san doka kamar yadda na sani. Ba a miƙa gadi ga wanda bai san abin da zai tsare ba. Mai tashi ya faɗi umarnin wurin, mai karɓa ya maimaita da bakinsa. Matar nan ta yi ta zuwa gidan nan, ba ta taɓa tambayata komai ba. Ban ma tabbata ta san sunan abin da ta zo karɓa ba." Ya juyo gare ni, idanunsa shuɗaye jajir a gefe. "Madam, wa kika zo karɓa?"

Baba bai shirya wa wannan ba, na gani a wuyansa. Ni kuwa harshena ya manne. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane ba, za ku ce suna ne kawai, faɗi mana. Sunan uwar mijina ne, sunan 'yar farina ne, ga Baba tsaye kamu ɗaya daga gabana. Ji na yi kamar an ce in tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Na buɗe baki iska kawai ta fito. Matar council ta zare murfin alƙalaminta, na ji ƙarar. Doris ta sunkuya ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur. Na ce a raina, yau uwata ce za ta raba ni da 'yata, ita da tarbiyyarta, kuma a karon farko a rayuwata na ji haushinta.

Sai Baba ya yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Ya ba kansa umarni da ƙarfi, irin na fareti, ya juya a kan sagaggiyar ƙafar, saura kaɗan ya kifa, ya buga ƙasa har kofuna suka yi ƙara. Ya fuskanci bango, hancinsa dab da fulawar takardar bangon, ya toshe kunnuwansa da yatsu biyu. Da Hausa ya ce wa bangon, "Kurtu, babu kowa a ɗakin nan. Ni na fita."

Na dubi bayan kwat ɗinsa, duk ya jiƙe da ruwa. Na durƙusa a kan kafet na leƙa ƙarƙashin tebur. Karon farko ke nan da na kalle ta ido cikin ido da rana tsaka, ashe tana da ɗan tabo a haɓa, ban san ranar da ta ji ciwon ba. Na ce, "Saratu."

Muryar ba tawa ba ce, ta wata tsohuwa ce mai mura. Yarinyar ta ɗago ta dube ni. Kada ku zaci rugowa ta yi, ina! Ƙanƙame 'yar tsanarta ta yi ta matsa wajen ƙafar Doris. Amma ta dube ni. Na sake faɗa, na sake, na kasa tsayawa, kukan jirgin fito na wata da watanni ya ƙwace min a falon mutane, ina bugun ƙirjina ina cewa da Hausa tawa ce, ni na haife ta, ina sonta, ku ji tsoron Allah. Ba wanda ya fassara, ba wanda ya nemi a fassara.

Pike ya bari sai da na lafa. Ya ce in tashi tsaye, na tashi. Ya fara, a hankali, kamar mai karanta wa ɗalibi allo, ni kuma ina maimaitawa da karyayyen Turancina. Ba ta shan madara in ta yi yanar sama. Tana tsoron karen gida na uku, a ƙetara titi da ita kafin a kai wurin. In sanyi ya shiga kunnenta na dama ke ciwo, ba ta faɗa, jan sa take yi. Tabon haɓa daga matakalar lambu ne, laifinsa ne, ya juya baya. Ba su taɓa ba ta naman alade ba, uban ya hana, ba a karya ba ko sau ɗaya. In na yi tuntuɓe sai ya sake faɗa, ba gajiya. Ina tsaye ina koyon 'yata a bakin wani tsohon Bature, kunya da godiya suna cina lokaci guda. Da ya zo na ƙarshe ya yi gyaran murya ya kasa. Doris ce ta ƙarasa daga inda take zaune, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ba ta barci sai an kira sunanta an ce mata sai da safe. Cikakken sunan, yadda ubanta ya koya mana. Kullum. In ba za ki iya ba, ki gaya min yanzu."

Na ce zan iya. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

Pike ya taɓa kafaɗar Baba, don har lokacin yana fuskantar bango da yatsu a kunne. Baba ya juyo. Pike ya ce, "An karɓe ni, Kofur." Ya dubi matar council ya ce sun janye. Doris ta tashi ta shige kicin ta rufe ƙofa, muna jin famfo na zuba, muna kuma jin abin da famfon bai rufe ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na san abin da na yi wa matar nan ranar, kuma ban taɓa yi wa kaina ƙaryar cewa ba ta cancanci yarinyar ba.

Ba ranar aka ba ni ita ba. Sai da na yi makonni ina zuwa, in yi mata wanka a gaban Doris, in ba ta abinci, matar council na kallo, kafin aka bari ta kwana a Woolwich. Ta yi kukan "Mummy" har muryarta ta dushe, kuma ba ni take nufi ba. Lahadin ƙarshen wata ba ta fasa ba, sai dai ta juya, mu muke kai ta Dagenham, har Allah ya ɗauki tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. A hanyarmu ta dawowa ran Alhamis ɗin nan, a jirgin fito, Baba ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Abin da ka ji a ɗakin can, ka ji?" Na ce, "Ni ban ji komai ba, Samanja." Da Sallah ta zo ya sa ɗamararsa ya tafi masallaci yana ɗaga kai, kuma sai yau da ƙasa ta daɗe da rufe shi na buɗe baki.

Yanzu yarinyar nan ta yi furfura a gefen kai, tana da 'ya'ya uku, kuma a Dagenham ɗin ta sayi gida, inda yau ko'ina ka juya ɗan Najeriya ne. Ina yi mata Hausa tana amsa min da Turanci. A gaban mutane har gobe "yarinyar nan" nake cewa, jikokina su yi ta min dariya suna cewa Granny ta manta sunan 'yarta. Amma duk bayan sallar isha wayata za ta yi ƙara. Ba doguwar hira muke yi ba, wani lokaci tana wanke-wanke, wani lokaci tana faɗa da yara. In mun gama sai ta yi shiru, ba ta kashewa. Ni kuma in waiwaya in tabbatar ba kowa kusa, ko da yake ni kaɗai ce a flat ɗin, in rage murya in ce, "Saratu, sai da safe." Kofur ɗin da ya ajiye ni a gadin nan ya riga ni tafiya, ba wanda zai zo da mai canjina.